Yadda ake shirya zagayen Tafkin Superior da motar gida a lokacin bazara

Duk wanda ya tsaya a bakin Tafkin Superior karon farko, abin da yake fara cewa shi ne, "Wannan ai teku ne." Ba ka hango ɗaya gaɓar, igiyar ruwa tana dukan duwatsu, ga jiragen dakon tama masu tsawon ƙafa 1,000 suna wucewa. Amma ka ɗebi ruwan ka ɗanɗana, babu gishiri ko kaɗan. A faɗin fili shi ne tafkin ruwan daɗi mafi girma a duniya, murabba'in kilomita wajen 82,000, wato ya ɗara Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗi a Najeriya. Mutanen Ojibwe, waɗanda su ne 'yan ƙasa tun kafin zuwan Turawa, suna kiransa Gichigami, babban ruwa.

Akwai hanyar mota da ta zagaye shi kaf, mil 1,300 ko kilomita kusan 2,100, ta ratsa jihohin Minnesota, Wisconsin da Michigan a Amurka, da lardin Ontario a Kanada. Hanya mafi daɗin yin wannan zagaye da iyali ita ce motar gida, wadda Amurkawa ke kira RV: mota ce mai gadaje, kicin, firiji da banɗaki a cikinta. Inda dare ya same ka nan ne gida. Sai dai wannan magana ta "inda dare ya same ka" ita ce ke yaudarar sabon shiga, domin a watan Yuli ba ka isa ka tsaya inda ka ga dama ba. Tafiyar bazara, a cikin hunturu ake kammala rabinta.

Mataki na farko: tsai da lokaci

Bazarar wannan yanki gajera ce, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Satumba. Kuma kalmar bazara kada ta sa ka tuno zafin Afrilu a Sakkwato. A bakin tafkin rana takan tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 24, da dare kuma ta sauka ƙasa da 10, musamman a ɓangaren Kanada.

Yuni yana da tsawon yini da ƙarancin jama'a, amma wata ne na ƙwari. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke fitowa daga ƙarshen Mayu, suna shiga bayan kunne da ƙeya su yi cizo har jini ya fito, sauro kuma ya biyo bayansu. A tsakiyar Yuni ne kuma ake gudun fanfalaƙi na Grandma's Marathon daga Two Harbors zuwa Duluth, garin Minnesota da ke ƙarshen tafkin ta yamma, masaukai su cika maƙil. Yuli ya fi ɗumi, ya kuma fi cunkoso, ga hutun 1 ga Yuli a Kanada da na 4 ga Yuli a Amurka. Ni a ganina makonni biyu na tsakiyar Agusta sun fi: ƙwari sun lafa, ruwan gaɓa ya ɗan yi ɗumi, yara ba su koma makaranta ba.

Kwana nawa? Akwai masu yin zagayen a kwana biyar, amma waɗannan kwalta suka gani. Kwana 10 shi ne mafi ƙaranci, 14 shi ne daidai. Ka ƙayyade wa kanka kada tuƙin yini ya wuce awa huɗu, kuma bayan kowane zango biyu ko uku ka samu inda za ku kwana biyu ba tare da an tada mota ba.

Mataki na biyu: takardu, kafin ka kashe ko sisi

Za ka tsallaka iyaka sau biyu: a Pigeon River ka shiga Kanada, a gadar Sault Ste. Marie ka dawo Amurka. Ɗan ƙasar Amurka fasfonsa ya ishe shi. Mai katin zama na dindindin a Amurka yana buƙatar katin tare da fasfon ƙasarsa mai rai, ba sai da biza ba. Amma ɗalibi, ma'aikaci ko baƙo mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru sai da bizar Kanada, kuma takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne dawowa. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da ta karatu da ake ba 'yan Najeriya ta zama ta shiga sau ɗaya, kuma dokokin shige da fice suna ta sauyawa tun daga nan. Idan akwai Baba ko Hajiya da suka zo ziyara za a tafi da su, a duba fasfonsu da kyau. Ɗalibi ya fara zuwa ofishin ɗaliban waje na makarantarsa. Wanda akwai ɗigon shakka a kan takardunsa, kada ya taka iyaka. Zagayen ba dole ba ne: ana iya hawa gaɓar arewa daga Duluth zuwa Grand Portage, mil 150, a juyo, sannan a bi gaɓar kudu har Sault Ste. Marie ta Michigan, duk a cikin Amurka. Kwana 10 ma za su yi kaɗan.

Idan uwa ko uba ɗaya ne zai tsallaka da yara, ya riƙe takardar amincewar ɗayan da sa hannu. Ka kuma tambayi kamfanin inshorar lafiyarka ko yana biya a Kanada. Idan ba ya biya, sayi inshorar tafiya ta kwanakin.

Mataki na uku: kama zango

Nan ne aikin yake. Fataken da ba su tashi ayari sai madugu ya san zangon da za a yada, da rijiyar da za a sha. Haka wannan tafiya. Wuraren kwana mafi kyau suna cikin gandun daji na gwamnati, a bakin ruwa, kuma kowace hukuma tana da ranar da take buɗe rajista ta intanet:

Wisconsin wata 11 kafin ranar zuwanka. Michigan wata shida. Ontario wata biyar, da ƙarfe bakwai na safe agogon gabas. Minnesota kwana 120.

A ce kana son kwana ranar 15 ga Yuli. Na Wisconsin an buɗe tun 15 ga Agustan bara, na Michigan 15 ga Janairu, na Ontario 15 ga Fabrairu, na Minnesota 17 ga Maris. Filayen da ke kallon ruwa a wurare irin su Agawa Bay cikin mintoci suke ƙarewa. Saboda haka ka buɗe asusu a kowane shafi tun kafin ranar, ka zaɓi lambobin fili uku ko huɗu a taswira, ka zauna gaban kwamfuta saura minti biyar. Mutane da yawa suna fara kama hayar mota sannan su shiga neman zango. Ni baya na ɗauko: zango tukuna, domin motocin haya sun fi filaye yawa. Abin da kawai kake buƙata ka sani a wannan lokaci shi ne tsawon motar da za ka ɗauka, tunda kowane fili an rubuta iyakar tsawon da zai ɗauka.

Filaye iri uku ne. Akwai mai wutar lantarki da ruwa da ramin zubar da ƙazanta, wannan a zangunan 'yan kasuwa da na ƙananan hukumomi aka fi samunsa. Akwai mai wuta kaɗai, shi ne yawancin na gwamnati, da famfo da wurin zubarwa ɗaya na kowa a bakin ƙofa. Sai kuma wanda babu komai sai teburi da murhu, kamar zangunan cikin Pictured Rocks. Mota mai cikakken tanki da batir mai kyau za ta yi kwana biyu a irin wannan. Ka gauraya su: kwana biyu a daji, kwana ɗaya a inda za a yi wanki, a cika ruwa, a yi cajin komai.

Idan na gwamnati sun cika, kada ka karaya. Garuruwa kamar Two Harbors, Grand Marais, Munising da Marquette suna da zangunan gari, wasu a bakin ruwa. Sannan mutane suna fasa tafiya kullum, ka riƙa leƙa shafin a makonni biyun ƙarshe. Ranakun Litinin zuwa Alhamis sun fi sauƙin samu. Ka tuna kuma Minnesota da Wisconsin da Michigan kowace tana karɓar kuɗin shigar mota gandun daji daban da kuɗin kwana.

Mataki na huɗu: zaɓen mota

Iri huɗu za ka tarar. Class A kamar luksuriyos take, ta fi ƙarfin sabon hannu, kuma filaye da yawa ba sa ɗaukarta. Class B ƙaramar bas ce, tana da daɗin tuƙi amma mutum biyu take ɗauka. Tirelar da ake ja tana buƙatar mota mai ƙarfi da wanda ya iya ribas da ita. Ga iyali, Class C ce: kan babbar mota, da gado a saman direba wanda yara ke faɗa a kansa. Mai tsawon ƙafa 24 zuwa 28 tana kwantar da mutum biyar ko shida, tana kuma shiga kusan kowane fili. Lasisin mota na yau da kullum ya isa.

Ana haya daga kamfani irin Cruise America, ko daga hannun masu motoci ta shafukan Outdoorsy da RVshare. Motar kamfani ba ta da ƙawa amma akwai wanda za ka kira idan ta lalace. Ta mutum takan zo da tukwane da barguna, sai dai kowane mai mota da sharuɗɗansa. Ko wace ka zaɓa, yi waɗannan tambayoyi a rubuce: An yarda a shiga Kanada da ita, kuma inshorar tana aiki a can? Mil nawa aka ba ni kyauta, nawa ne kowane mil da ya ƙaru? Janareta ana biyan awa? Bel ɗin kujera nawa ne, kuma ina ake ɗaura kujerar jariri? Wannan ta ƙarshe kada ka raina ta. Mota tana iya samun gadon mutum bakwai amma bel shida.

Lissafin mai ba wuya. Irin wannan mota tana cin galan ɗaya a mil 8 zuwa 10. Zagayen da ratse-ratsensa, da zuwa da dawowa daga Minneapolis, birni mafi girma a Minnesota, zai kai mil 1,800. A mil tara kowane galan, galan 200 ke nan, lita wajen 750. Ninka da farashin ranar. Mai ya fi tsada a Kanada, kuma da lita ake sayarwa, don haka cika tanki a Grand Portage kafin iyaka.

Ranar karɓar mota, kada ka yi sauri. Sa mai motar ya nuna maka komai yana yi kana ɗaukar bidiyo da waya: kunna gas, kunna injin ruwan zafi, fito da rumfa, buɗe bawul ɗin tankuna. Ɗauki hoton duk wani ƙarzane a jiki. Gwada na'urar da ke ƙara idan hayaƙi mai guba ya taru. Daga nan tambayi tsayin motar, ka rubuta a takarda da ƙafa da kuma mita, ka manna a gaban sitiyari. Ƙafa 12 mita 3.7 ce. A Kanada allunan gada da rumfar gidan mai da mita suke magana.

Mataki na biyar: guzuri

Nama na halal ka saye shi a Minneapolis, inda shagunan Somaliyawa suke da yawa, ka yanka shi ƙulli-ƙulli na girki ɗaya ka daskarar. Da ka wuce Duluth samunsa sai an dace. Amma tafkin da kansa yana ciyar da matafiyi: a kan hanya akwai shagunan kifi, ɗanye da banda, irin farin kifin tafkin da ake kira whitefish. A soya shi da yaji, a haɗa da dafa-duka, ba za a nemi nama ba. A Michigan ta Sama, wato ɓangaren jihar da ke gaɓar kudu ta tafkin, za ka ga ana tallar pasty ko'ina, wani burodi mai cike da nama da dankali da masu haƙar ma'adinai daga Cornwall ta Ingila suka zo da shi. Tambaya kafin ka saya, domin wasu suna haɗa naman alade, wasu kuma da kitsensa suke kwaɓa fulawar.

A iyaka, faɗi duk abincin da ke cikin motar. Kilishi ko dambun naman da aka aiko daga gida haramtacce ne shiga da shi, a cinye shi kafin Grand Portage ko a bar shi a gida. Yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa su ma ka ambace su ka nuna. Idan jami'i ya karɓe wani abu da ka faɗa da bakinka, asararsa kawai ka yi. Idan shi ya gano abin da ka ɓoye, tara ce. A dawowa Amurka 'ya'yan itatuwa, musamman lemo, su suka fi jawo magana.

Itacen wuta kuwa kada ka ɗauka daga wani wuri zuwa wani. Akwai wani ƙwaro da ke shiga ƙarƙashin ɓawo ya kashe bishiyoyi, shi ya sa aka hana. Kowane zango yana sayar da nasa.

Tufafi: rigar sanyi da hula ga kowa, rigar ruwa, takalmi rufaffe, bargo na gaske. Maganin sauro mai DEET. Tocila. Ga motar kuma: mesar ruwan sha daban da ta wanke ƙazanta, safar hannu ta roba, katakai ko robobin daidaita taya, da abin rage ƙarfin ruwan famfo.

Mataki na shida: bin hanyar

Tashi daga Duluth ka bi hannun agogo, wato ka fara da gaɓar arewa. Dalili shi ne tafkin zai kasance a hannun damanka, duk wurin tsayawa kallo za ka ratse ba tare da ka yanke hanya da doguwar mota ba.

Daga Minneapolis zuwa Duluth awa biyu da rabi ce a kan I-35. Tsaya a Canal Park yara su ga gadar ƙarfen da ake ɗagawa sama jirgi ya wuce ta ƙarƙashi. Daga nan hanya ta 61. Magangarar ruwa ta Gooseberry tana dab da titi, tsoho ma zai iya isa. Gaba kaɗan hasumiyar fitila ta Split Rock, wadda aka kunna a 1910 bayan guguwar Nuwamban 1905 ta farfasa jirage a wannan gaɓa. Ka ba wannan yanki kwana uku, na ƙarshe a Grand Marais. Wuraren ajiye mota suna cika kafin goma na safe, mai doguwar mota ya yi sammako.

Da ka tsallaka Pigeon River agogo ya ƙara awa ɗaya. Thunder Bay ita ce babban gari na ƙarshe kafin tafiya mai nisa: cika mai, gas, ruwa da firiji. Yamma da garin akwai magangarar Kakabeka mai tsayin mita 40. Gabas da shi, a kan tudu, akwai mutum-mutumin Terry Fox, saurayin da ciwon daji ya sa aka yanke masa ƙafa, ya taso da gudu daga gabashin Kanada yana tara kuɗin binciken cutar, har ciwon ya tsayar da shi kusa da nan a ranar 1 ga Satumban 1980. Daga wurin ana hango tsaunin Sleeping Giant kwance cikin ruwa kamar ƙato mai barci, kuma akwai zango a gandunsa.

Tsakanin Thunder Bay da Sault Ste. Marie kilomita 700 ce a kan hanya ta 17, kuma a wurina ita ce zuciyar tafiyar. Daji ne da duwatsu da hawa da gangara, garuruwa ƙanana jefi-jefi: Nipigon, Terrace Bay, Marathon, White River, Wawa. Ka raba ta uku. Neys ko Pukaskwa dare ɗaya ko biyu, sannan Agawa Bay a gandun Lake Superior kwana biyu. A Agawa akwai zane-zanen da Ojibwe suka yi da jar ƙasa a jikin wani dutse da ke tsaye cikin ruwa. Ana isa ne ta kan falalen dutse mai santsi, sai ranar da ruwa ya kwanta, kuma ba wurin ƙananan yara ba ne. Kudu da Wawa ka yi tafiya mai tsawo babu gidan mai, waya ma tana ɗaukewa. Sauke taswira a waya tun daga gari, kuma da tanki ya kai rabi ka cika.

A Sault Ste. Marie ta ɓangaren Michigan akwai dandamalin kallon ƙofofin ruwa da ke ɗaga jirgi ko sauke shi ƙafa 21 tsakanin Superior da ruwan da ke ƙasa da shi. Kallo kyauta ne. Daga nan Whitefish Point, inda gidan tarihin jiragen da suka nitse yake ajiye da ƙararrawar Edmund Fitzgerald, jirgin da ya nitse da mutum 29 a daren 10 ga Nuwamban 1975. Kusa da shi magangarar Tahquamenon, ruwanta ja kamar shayi saboda jiƙon itatuwan fadama. A Munising ka sayi tikitin jirgin ruwa tun da wuri don ganin Pictured Rocks, gaɓar dutse mai launi-launi da ta kai ƙafa 200. Daga tudu ba a ganinta yadda ya kamata. Jirgin yamma ya fi, lokacin da rana ke haska dutsen.

Bayan Marquette zaɓi ya rage naka. Mai lokaci ya hau zirin ƙasar Keweenaw da ya kutsa cikin tafkin har Copper Harbor, ƙasar tsofaffin ramukan tagulla. Wanda kwanakinsa suka ƙare ya miƙe zuwa tsaunukan Porcupine, ya kwana a Bayfield ta Wisconsin, mashigar tsibiran Apostle, washegari ya shiga Duluth.

Mataki na bakwai: zaman yau da kullum a cikin motar

Isa zango da rana, kada ka bari duhu ya yi. Mutum ɗaya ya sauka ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi, ku yarda da alamun hannu tun kafin a fara ribas. Aure da yawa ya ji jiki a wannan minti biyar ɗin. Duba sama saboda rassa. Daidaita motar da katakai har ta tsaya cak, domin firijin da ke aiki da gas yana lalacewa idan ya daɗe a karkace. Kashe makunnin sandar wuta, jona waya, sannan ka kunna. Yawancin Class C amp 30 suke ɗauka: kada ka haɗa na'urar sanyaya ɗaki da butar lantarki da injin ɗumama abinci a lokaci ɗaya, wuta za ta yanke.

Tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, kusan lita 150, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Mu masu buta muna cika na ukun da sauri fiye da yadda masu motar suka saba, ko da yake yawan ruwan yana hana shi toshewa. Alwala biyar ta mutum shida a cikin mota kuma za ta ƙarar da tankin farko ta cika na biyu cikin yini biyu. Mafita: jarka a waje, alwala a gefen ciyawa, wanka a banɗakunan zango. Wajen zubarwa, sa safar hannu, jona mesa ta zauna daram a rami, buɗe bawul ɗin bayan gida tukuna, rufe, sannan na wanke-wanke, domin ruwan sabulun ya wanke mesar.

Lokutan salla za su ba ka mamaki. A Thunder Bay ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, isha ta wuce sha biyu, asuba kuma kafin huɗu. A Agusta abin yana sassautawa. Ga matafiyi akwai rangwamen ƙasaru da haɗa salla, ka tambayi malaminka hukuncin tun kafin tashi, musamman na zangon da za a kwana da yawa. Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Akwai masallaci a Duluth da Thunder Bay, ana iya saita Juma'a ta faɗo a ɗayansu.

Ruwan tafkin kada kyansa ya ruɗe ka. Matsakaicin sanyinsa a shekara digiri huɗu ne, ko a Agusta gaɓa marar zurfi ce kawai ke yin ɗumi, irin Pancake Bay. Wanda ya faɗa inda ke da zurfi, hannuwansa suna sandarewa cikin mintoci ko da gwanin iyo ne. Yara su sa rigar ceto, kuma ranar iska kowa ya tsaya a tudu.

Dabbobi biyu ne abin kula. Baƙin beyar, wani ƙaton naman daji, warin abinci yake bi: kada a bar tukunya, shara ko akwatin ƙanƙara a waje da dare. Sai moose, wata dabba mai dogayen ƙafafu da ta fi doki tsayi, tana fitowa kan hanya ta 17 da magariba da asuba, kuma karo da ita yana kashe mutane. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin tuƙin dare. Bayan kowane yawo a ciyawa a duba jikin yara saboda kaska, domin wata irinta tana ɗauke da cutar Lyme. Idan gobarar daji ta sa an hana hura wuta, da gaske ake, a yi girki da gas.

A tuƙi, ka ba da tazara ninki biyu na wadda ka saba. Buɗe kwana sosai, domin bayan motar yana lilo waje. A doguwar gangara irin ta Montreal River sauke giya injin ya riƙe motar, kada ka kwanta kan birki har ya yi zafi. Idan motoci sun jeru a bayanka, samu wuri ka ratse su wuce. Hazo yakan taso daga tafkin ba sallama, sai a rage gudu a kunna fitila. Kafin shiga gidan mai, kashe gas da duk abin da ke ci da wuta. Kuma kowace safiya kafin a tada mota, zagaya ta sau ɗaya da ƙafa: rumfa a naɗe, waya da mesa a cire, tagar rufi a rufe, matakala a ciki, ƙofar firiji a kulle, a ƙirga yara.

Mataki na ƙarshe: mayar da mota

Ka sa zangon ƙarshe ya zama mai wurin zubarwa, bai fi awa uku daga inda za ka mayar da motar ba. Da safe zubar da tankunan biyu, ɗauraye su, share ciki, kwashe firiji, leƙa ƙarƙashin katifu da saman direba inda caja da takalman yara suke ɓuya. Cika mai da gas gwargwadon yadda yarjejeniya ta ce, ka riƙe rasit. Yawancin masu haya da safe suke karɓa, kuma lattin awa ɗaya yana iya zama kuɗin yini. Zagaya motar tare da mai karɓa, ɗauki hoton ma'aunin mil da na awannin janareta, kuma kada ka bar wurin sai an rubuta maka ranar da kuɗin ajiyarka zai dawo.